Tsakiyar Hantar Maryama

Ku ’yan staji, masu koyon aiki da makarantar jinya take turo mana kowace shekara, na ji abin da kuke faɗa a bakin famfo. Wai aikin Majo Binta, wato ni babbar nas ɗinku, a bulok, ɗakin tiyata, ba wani aiki ba ne, likita ya miƙo hannu, ita kuma ta ɗora masa almakashi. Wai ko ’yar talla za ta iya. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara sa koren kaya. To ku ajiye wayoyin nan ku matso, in ba ku labarin aikin da a wurina babu mai daɗinsa, da ranar da na bi hantar wata mata a kan babur har gadar Binuwai.

Ni ’yar mahauta ce. A unguwar Hausawa ta Garwa aka haife ni, kuma tun ban iya karatu ba na san hanta a kan teburin babana. Na san yadda ake zare matsarmama a hankali, don in ta fashe ɗacinta ya ɓata naman. Saboda haka na shigo ɗakin tiyata ina ji da kaina. Ranar da aka fara buɗe cikin mutum a gabana na gane ban taɓa ganin hanta ba. Ta kan tebur matacciya ce, ta dushe. Ta mai rai sheƙi take yi, launinta kamar lallen amarya da ya kama sosai, tana hawa tana sauka da numfashin mai ita, kamar kwale-kwale a ruwan safe. Na tsaya na saki baki a bayan takunkumi, na manta da duniya, har sai da Mama Marta ta taka mini ƙafa.

Mama Marta ita ce ta koya mini aiki. Kirista ce daga duwatsun Mokolo, gajeriya mai kaifin ido, Hausarta ta kasuwa ce, in ranta ya ɓaci kuma sai ta juya Fillanci. Ta kan sa in jera kayan aiki a kan tebur, sannan ta ɗaure mini ido da ɗankwali ta riƙa kiran suna. “Fens! Ba wannan ba, mai lanƙwasa! Zare! ’Yar mahauci, wuƙar fawa kike nema?” Fens kuwa ƙarfe ne mai kama da almakashi, na matse nama ko kama allura. Ta koya mini cewa ba a ɗora wa likita ƙarfe a hannu kamar ana ba shi goro. Buga masa ake yi a tafi, da ɗan ƙarfi, gefen da zai kama yana fuskantarsa, don idonsa ba ya barin ciwon. Ta koya mini kallon ciwon ni ma, ba fuskar likita ba. “In kin jira ya tambaya kin makara,” in ji ta. “Jini ba ya jiran Faransanci.”

Wata Asabar ta aike ni wurin babana in karɓo hantar bijimi guda. Muka shimfiɗa ta a ɗakin wanke kaya, ta ba ni fens ta ce in matse. Na matse, naman ya murƙushe kamar dafaffen dankali, sai ga wasu siraran zaruruwa farare sun rage a tsaye ba su tsinke ba. Ta ce, “Kin gani? Ba a yanka hanta, murƙushe ta ake yi. Waɗannan da suka rage, wani hanyar jini ne, wani hanyar ruwan ɗaci ne. Kowanne sai an ɗaure shi kafin a yanke. Ki manta guda, mutum ya kumbura.” Muka yini muna murƙushewa muna ɗaurewa. Da yamma ta soya abin da ya rage da albasa, muka ci da burodi.

Kayan aikin hanta tirensu daban ne, kuma ni na fi son su a kan duk abin da na mallaka. Akwai babban ƙarfen da ake kafawa a jikin gado ya ɗaga haƙarƙari sama, don hanta ɓoye take a ƙarƙashinsu kamar budurwa a bayan labule. Akwai dogayen fens masu laushin baki na kama babbar jijiya ba tare da sun ƙuje ta ba. Akwai zare siriri kamar gashin kai, shuɗi, wanda in ya faɗi ƙasa sai dai a haƙura. Akwai wata ’yar igiya ta ƙyalle da ake zagaya wa ƙofar hanta, inda jini yake shiga, a tsuke ta in ana so jini ya tsaya. Sai kompires, fararen ƙyallayen tsane jini, waɗanda nake ƙirgawa da babbar murya kafin a buɗe ciki da kafin a rufe.

Masu zuwa mana da ciwon hanta kuwa, daga ko’ina suke. Dillalan shanu daga Meiganga, manoman gero daga kan duwatsu, masunta, matan kasuwa. Yawancinsu sai sun gama shan jiƙe-jiƙen shawara, an yi musu tsaga a gefen ciki, ido ya yi ɗorawa, ƙafa ta kumbura, sannan a kawo su. Irin waɗannan wuƙa ba ta da abin yi musu. Shi ya sa in aka samu mutum guda da ya zo da wuri, wanda ƙarinsa yake ciruwa, duk bulok sai ya ɗauki murna kamar an sa ranar biki.

Shekara mafi muni a aikina ita ce wadda ruwan madatsar Lagdo, mai samar mana da wutar lantarki, ya ja baya. Wuta ta zama ta rabo, unguwa ta samu yau, gobe ta kwana a duhu. Janareto yana yi yana tari. Dokta Hamadu, likitanmu na hanta, ya ce ba zai buɗe hantar kowa ba alhali ba shi da tabbacin firjin jini zai kwana da sanyi. Duk wanda ya zo sai a ce ya tafi Yawunde. Su amsa da “to”, su naɗe tabarmarsu, mu kuwa mun san gida za su koma. Ni kuma in ɗauko tiren hanta in dafa shi, ya zauna har wa’adinsa ya wuce, in sake dafa shi, ba a buɗe ba. Ban taɓa ganin ƙarfe ya yi kama da maraya ba sai a shekarar nan.

Bayan wuta ta daidaita ne Maryama ta zo. Mai bandar kifi ce daga Lagdo, doguwa, baƙa mai kyau, hayaƙin banda ya sa idonta ya yi ɗan ja, amma in ta yi murmushi sai ka ga kamar an buɗe taga. Wani nauyi take ji a ƙarƙashin haƙarƙari, mijinta Sale ya matsa sai an yi mata hoto. Sale masunci ne, ƙato, mai faɗin kafaɗa, amma duk inda Maryama ta juya idonsa yana can. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa, na ɗauka marubuta ne kawai suke ƙirƙiro irin wannan kallo, sai ga shi a kan bencin asibiti. Tare da su akwai Goggo Asabe, ƙanwar mahaifin Maryama, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita ce kuma ta koya mata banda. Tsohuwa ce mai tsabta da tsare gida, ba ta rabuwa da kular abinci a hannu.

Dokta Hamadu ya ɗaga hoton sikana a jikin fitila ya kira mu. Ƙarin ya kai lemon zaƙi, yana zaune daram a tsakiyar hanta. Ya ce, “Da a dama yake, mu cire dama. Da a hagu yake, mu cire hagu. Amma ga shi a tsakiya. In na haɗa shi da ɓangare guda na cire, abin da zai rage ba zai riƙe ta ba, don hantar tata akwai tsohon ciwo a jiki.” Sai ya dube ni, idonsa yana ƙyalli. “Majo, tsakiyar kaɗai za mu zare. Kamar a rushe zauren tsakiyar gida a bar ɗakin dama da na hagu a tsaye, famfon kowanne yana zuba. Yanka biyu ke nan maimakon ɗaya, jini biyu, ɗauri biyu.” Na ce, “Dokta, tirena ya gaji da jira.”

Aiki irin wannan sai an tanadi jini. Sale ya koma Lagdo ya ciko mota da abokan sana’arsa, duk ɗakin ɗibar jini ya ɗauki ƙarnin kifi da surutu. Shi ya fara miƙa hannu, yana cika baki. Da ya ga jininsa yana gangarawa cikin leda sai ya sulale ya some. Labari ya riga shi zuwa gadon Maryama.

“Sannu, maigida,” ta ce da ya shigo. “An ce kai da allura kun yi kokawa ta kayar da kai.”

“Ƙarya suke yi, barci ne ya ɗauke ni.”

“Kai da kake jan giwan ruwa da hannu ɗaya? To gobe in an shiga da ni ka zauna a ƙasa tun da wuri, kada ka fasa musu benci.”

Ya yi dariya, amma na ga ya kama bakin zanenta ya riƙe, a ɓoye, don a daidai lokacin Goggo ta shigo. A gaban Goggo, Sale ba ya ɗaga kai, ba ya magana sai gaisuwa, ita ma a durƙushe. Surukuta ce irin ta da.

Da safe muka shiga. Misye Pol, mai sa barci, ya kwantar da ita, ya rage mata ruwan da ake ɗurawa a jijiya da gangan, don jijiyoyin hanta su saki, kada su cika su yi tsiri in an taɓa su. Dokta ya tsaga ƙarƙashin haƙarƙarin dama, muka kafa babban ƙarfe, haske ya sauka. Ga ta nan. Ƙarin ya ɗan turo kai a tsakiya, fari-fari, kamar baƙon da ya zauna a kujerar mai gida. Dokta ya ɗora kan na’urar eko, mai haska cikin nama, a jikin hantar kanta, yana bin manyan jijiyoyi uku da suke fita ta sama. Ta dama za ta zauna, ta hagu za ta zauna, ta tsakiya za ta tafi da ƙarin. Ya zana layi biyu a kan hantar da wuƙar lantarki, ɗaya a kowane gefe. Ya zare matsarmama, ya zagaya igiya a ƙofar hanta.

“Tsuke,” in ji shi.

Aka tsuke. Daga nan agogo yake mulki. Hanta ba ta jure rashin jini fiye da kwata na awa a jere, saboda haka Misye Pol yana kallon bango yana kiran lokaci, mu kuma muna gudu a tsaye. Murƙushe, ɗaure, yanke. Murƙushe, ɗaure, yanke. Hannuna na dama yana buga fens a tafin Dokta, na hagu yana riƙe da zare na gaba. In lokaci ya cika sai a saki igiya, mu danne wurin da kompires, hantar ta sha jini ta dawo da launinta, mu ma mu yi numfashi. Sannan a sake. Wallahi babu kiɗan da ya kai wannan daɗi.

Mun gama layin hagu lafiya. A can ƙasan layin dama, kusa da babbar jijiyar da ke komawa zuciya, wani ɗan reshe ya yage. Jini baƙi ya taso a hankali kamar rijiya tana cika. Dokta ya sa yatsa ya danne. Kafin ya buɗe tafinsa shuɗin zaren nan yana ciki, a bakin doguwar fens. Ɗinki biyu, rijiya ta ƙafe. Misye Pol ya saki ajiyar zuciya ya ce, “Yesu na gode.” Na ce, “Alhamdu lillahi.” Dokta ya ce, “Ku biyun duka ku ƙara, ba mu gama ba.”

Bayan azahar tsakiyar ta fito gaba ɗaya a hannunsa, da ƙarin a cikinta. Ya sa mata zare biyu, dogo a gefen dama, gajere a gefen hagu, don masu bincike su san ina ne ina. Muka leƙa ciki. Hanta biyu suna fuskantar juna, rami a tsakaninsu, kowacce ja jawur tana numfashi. Muka shimfiɗa farin kompires a kan yankan muka jira, ko ɗigon rawaya babu, wato ruwan ɗaci ba ya yoyo. Na so in yi guɗa.

Ku ’yan staji ku riƙe wannan. Abin da aka cire ba shara ba ne, shi ne rabin aikin. Ana sa shi a ruwan formol, mai hana nama ruɓewa, a aika Yawunde, inda za a yayyanka shi a duba a madubin bincike. Su za su faɗa mana wane irin ƙari ne, kuma ko wuƙa ta wuce bayansa ta ko’ina, ko ta bar saura a jikin mai shi. In akwai saura, da sauran abin yi in an sani da wuri. In ba a duba ba, sai dai a zauna jiran ciwon ya ba da labari da kansa, lokacin da babu sauran dabara.

To a nan ƙasar muna da al’ada. In an gama aiki, likita yakan fita da abin da ya cire a kwano ya nuna wa dangi, su gani da idonsu. Dokta ya bar mataimakinsa yana rufe ciki, ya fita ya nuna wa Sale da Goggo, ya ajiye kwanon a rufe a kan ɗan teburin bakin ƙofa inda muke zuba formol, ya dawo. Ni ina ciki ina ƙirgar kompires. Da aka kai ɗinkin ƙarshe na cire safar hannu, na ɗauko bokitin formol na fito. Sai na tarar da kwanon an wanke shi tas, an kife shi yana tsanewa.

Na ce, “Sale, ina abin da ke cikin kwanon nan?”

Ya ce, “Goggo ta tafi da shi. Ta ce a binne kafin rana ta faɗi.”

Ba laifinta ba ne. Goggo ta karɓi mabiyiya a ƙofar ɗakin haihuwa ba sau ɗaya ba, ta ga an miƙa wa dangi ƙafar da aka yanke su je su binne. A saninta duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ce makomarsa, kuma hakkin dangi ne. Ta ga an nuna, an ajiye, ta ɗauka an ba ta ne. Har ta taya mu wanke kwano.

Bazara ce, irin zafin Garwa da ke narkar da kwalta. Nama a wannan rana ba ya daɗewa. Goggo ba ta riƙe waya. Na leƙa na faɗa wa Dokta, ya dafe kai ya ce, “Majo, tashi!” Na yafa mayafi a kan koren kayana, na rungumi bokiti, na ce wa Sale, “Ina babur ɗinka?” Ya dubi ƙofar da matarsa take ciki ba ta farka ba, ya dube ni. Na ce, “Barcinta da saura. In kana son ta, tasha za mu.”

Ban taɓa hawa babur irin na ranar ba. Formol yana fantsama ta gefen murfi, idona yana zubar da hawaye, mayafina yana tashi kamar tuta, masu babura suna zaginmu da Fillanci muna ba su haƙuri da Hausa. A tashar Lagdo aka ce motar ta cika yanzun nan ta tashi. Muka juya muka miƙi hanyar gada. Allah da ikonsa, wani garken shanu yana tsallakawa, farare masu dogayen ƙaho, sun cika gadar Binuwai daga wannan gefe zuwa wancan, motoci sun yi layi. A rayuwata ban taɓa son shanu kamar ranar ba. Ga motar can, ga Goggo a kujerar taga, kula a kan cinya ta rungume ta da hannu biyu.

Na yi sallama ina haki. “Goggo, don Allah ki sauko, magana ce a kan abin da ke cikin kular nan.”

Ta sauko a natse, ta dube ni sama da ƙasa. “’Yar nan, lafiya? Maryama ce?”

“Maryama tana lafiya, Goggo. Hantar ce muke so ki ba mu.”

Wani fasinja mai jar hula ya leƙo ta taga. “Hanta? Ni fa tun daga tasha nake zaton farfesu ne, har ina shirin roƙo!” Da aka gaya masa ta mutum ce sai ya ja da baya yana salati, mota ta kwashe da dariya. Goggo ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “Naman ’yata ne. Ni na goya ta. Na naɗe shi a farin ƙyalle, zan kai shi gida a sa shi a ƙasa kamar na kowane Musulmi. Na ga inda kuke ƙona shara a bayan asibitinku. Ba za a haɗa jikin Maryama da tsumma a cinna masa wuta ina da rai ba.”

Na ce ba ƙonawa za a yi ba, Yawunde za a kai a duba. Ta ce, “A duba me? Ba kun cire ba? Likita da bakinsa ya ce an cire.” Direba ya fara danna oda, don shanu sun kusa ƙarewa. “Hajiya, ku yi shari’arku a gefe, ni ina da hanya!”

Sai na tuna sana’arta. Na ce, “Goggo, in kifi ya fara lalacewa ta gefe guda kika yanke wurin, yaya kike sanin kin yanke duka?”

Ta ce, “In duba bakin yankan mana. In fari ne tas, sauran ya hau banda. In da ɗan baƙi, in ƙara yankewa.”

“To mu ba za mu iya sake buɗe Maryama mu duba ba. Bakin wannan da ke hannunki za a duba, da madubin da ke ganin abin da ido ba ya gani. In kika binne shi, kin binne amsar.”

Hannunta bai saki kular ba. Na ga ta gane, zuciyarta ce ba ta yarda ba. Duk wannan abin Sale yana durƙushe a bakin kwalta, kansa a ƙasa, kamar yadda ya saba a gabanta. Sai na ji ya yi gyaran murya.

“Goggo, ki gafarce ni, yau zan yi magana a gabanki.” Ya gyara durƙuso. “Tun da kika ba ni Maryama ban taɓa ɗaga ido na dube ki ba, ban taɓa musa miki ba. Wannan da ke cikin kula ba ya numfashi, Goggo. Mai numfashin na baro ta a can ko farkawa ba ta yi ba. Ita nake roƙon ki taya ni tsarewa.”

Ya ɗago kai ya dube ta, hawaye yana bin gemunsa. Goggo ta kawar da fuska, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Tashi, Sale, mutane suna kallo.” Sannan ta juyo gare ni. “In sun gama dubawa, abin da ya rage fa?”

“Zan sa a dawo miki da shi, Goggo. Ni Binta na yi miki alkawari.”

A nan bakin gada ta buɗe kula. Ta warware farin ƙyallen da kanta, na ga zaren nan biyu suna nan, dogo da gajere, na ji kamar in rungume ta. Ta yi bisimilla ta sa shi cikin formol da hannunta, warin ya bugi idonta ba ta ko ƙifta ba. Na danne murfi. Ta ce wa direba ya tafi, ita asibiti za ta koma. Haka muka dawo, Goggo a bayan wani mai babur, ni a bayan Sale, bokiti a tsakiya.

Maryama ta farka da la’asar sakaliya. Abin da ta fara cewa shi ne, “Sale ya faɗi?” Kwanakin farko idonta ya ɗan yi rawaya, muka yi ta tsaron robar da ke fitar da ruwa daga cikinta, muna kuma tsaron ƙofa kada wani ɗan’uwa ya shigo da jiƙon shawara. Goggo da kanta ta zama mai gadi, duk wanda ya zo da gora sai ta sunsuna. A hankali rawayar ta washe, Maryama ta fara shan kunu, ta fara takawa tana dafa kafaɗar mijinta. Bokiti kuwa ya bi mota zuwa Gaundare, ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, da roƙona a kan kada a zubar da saura.

Makonni suka wuce, har an sallame su. Ranar da suka dawo a duba ɗinki, muna tsaye wayar Dokta ta yi ƙara. Ya saurara, yana amsawa da Faransanci, “oui, oui”, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya kashe ya dubi Maryama. Ya ce ƙarin mugu ne, irin mai dawowa, saboda haka za ta riƙa shan magani tana zuwa hoto a kai a kai, ba fashi. Sannan ya yi murmushi. “Amma bakin yanka fari ne tas, dama da hagu. Ba mu bar komai ba.” Sale ya nemi benci ya zauna da sauri, Maryama ta ce, “Kun gani ko? Na faɗa muku.”

Sauran ya dawo a ’yar roba, ya ƙanƙance ya yi fari-fari kamar busasshen rogo. Ranar hutuna na shiga motar Lagdo na kai shi da kaina. Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe shi a sabon farin ƙyalle. Sale ya haƙa rami a bayan gida, nesa da wurin banda, inda ake hango ruwa yana walƙiya da ƙananan jirage a kansa. Aka sa shi, Goggo tana addu’a a hankali. Maryama tana tsaye a jingine da katanga, hannunta a kan tabon cikinta, tana kallon ana binne wani yanki nata alhali ita tana shan iska. Da Sale ya fara mayar da ƙasa sai ta ce, “Maigida, danne shi da kyau, ka ɗora dutse. Kada ya ji daɗina ya biyo ni.”

Goggo ta ce, “Ke dai ba kya rabo da shirme.” Amma ita ce ta je ta ɗauko dutsen.